JIRIN DA KE ZUWA A KAN SHIMFIƊA: DARASI A KAN KWANCIYA DA CIKIN KUNNE

Gabatarwa

A darasinmu na kiwon lafiya na bana mun zaɓi mu yi magana a kan wani ciwo da yake cikin gidajenmu da yawa, amma ba kowa ya san asalinsa ba. Bari mu fara da misali.

Mu ɗauka ga wata dattijuwa a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Ta kwana lafiya lau. Da asuba ta juya daga hagu zuwa dama domin ta tashi ta hura wuta, sai ɗaki ya kama juyawa da ita kamar guguwa ta ɗauke ta. Ta riƙe bakin gado, ta runtse ido, zuciyarta tana tashi. Kafin jikarta ta kawo mata ruwa, abin ya wuce. Da dare ta zo kwanciya, kanta yana taɓa matashi sai jirin ya dawo.

Nan fa mutanen gida za su shiga faɗin albarkacin bakinsu. Wannan ya ce jininta ne ya hau, wancan ya ce a'a, jinin ne ya yi ƙasa, a sayo maganin ƙarin jini. Wata ta ce iska ce ta buge ta, wani ya ce hannu aka sa mata. Kafin wata guda an sayar da akuya, an sha jiƙe-jiƙe da ƙwayoyi, ita kuwa baiwar Allah ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa kasuwa, har barci ya zama abin tsoro a gare ta.

Sau da yawa irin wannan jiri daga can cikin kunne yake fitowa, kuma yana da magani mai sauƙi wanda ba ƙwaya ba ce, ba allura ba ce. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, BPPV. Mu a wannan darasi za mu kira shi jirin juya kai.

Yadda kunne yake riƙe mu a tsaye

Yawancinmu mun san kunne da aikin ji kawai. Amma a bayan dodon kunne, can cikin ƙashin kai, akwai wani sashe da aikinsa shi ne gaya wa ƙwaƙwalwa yadda kanmu yake: a miƙe yake, a karkace yake, ko juyawa yake yi.

A kowane kunne akwai 'yan bututu 3 masu lanƙwasa kamar awarwaro, kowanne yana fuskantar wani gefe dabam, kuma duk cike suke da ruwa. Idan muka juya kai, ruwan yana motsi, ya ture wasu 'yan gasu masu laushi, su kuma su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san aikin wannan ruwa. Bayan yaro ya tsaya cak, ruwan bai tsaya ba tukuna, saboda haka yake ganin duniya tana ci gaba da juyawa har ya faɗi.

Kusa da bakin bututun akwai 'yan jakunkuna 2. A cikinsu akwai wani abu mai yauƙi, a kansa kuma an shimfiɗa dubban 'yan tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sinadarin da aka yi su da shi iri ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, da na farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Nauyin waɗannan tsakuwoyi shi ke sa mu san sama da ƙasa ko da idonmu a rufe yake.

Matsala tana farawa ne idan wasu daga cikin tsakuwoyin suka ɓalle daga mazauninsu suka gangara cikin ɗaya daga cikin bututun nan. Wanda suka fi faɗawa shi ne bututun baya, domin shi ne ya fi yin ƙasa. Muddin kai yana wuri ɗaya, tsakuwar tana kwance shiru. Da mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai, ko ya sunkuya, sai ta gangara ta ja ruwan tare da ita. Kunne ya ce wa ƙwaƙwalwa ana juyawa, ido kuma ya ce ba a juyawa. Wannan saɓani shi ne jirin da tashin zuciyar. Da tsakuwar ta sake kwantawa, jiri ya wuce. Abin da ya sa ke nan ba ya cika kai minti ɗaya.

Za ku iya gwada wannan a aji. Ku sami farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, ku cika shi da ruwa, ku zuba yashi kaɗan, ku haɗa bakinsa biyu ya zama zobe. Ku karkata zoben, za ku ga yashin bai motsa nan take ba, sai bayan ɗan lokaci ya gangara, sa'an nan ya tsaya. Haka jirin yake: yana jinkirta daƙiƙa kaɗan kafin ya zo, ya yi ƙarfi, ya lafa.

Waɗanda suka gano shi

A shekarar 1921 wani likitan kunne haifaffen Ostiriya mai suna Robert Barany, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel ta 1914 saboda aikinsa a kan cikin kunne, ya rubuta labarin wata mata da jiri yake kama ta duk lokacin da ta kwanta a gefen dama. A 1952 likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana ciwon dalla-dalla, suka kuma fito da gwajin da ake gane shi da shi har yau. A 1992 wasu likitoci a Kanada suka ga tsakuwoyin da idonsu a cikin bututun lokacin da suke yi wa marasa lafiya aiki. A wannan shekara kuma John Epley, wani likita a Amurka, ya wallafa hanyar mayar da tsakuwar mazauninta ta juya kan mara lafiya. Ya daɗe yana amfani da hanyar, abokan aikinsa da yawa ba su yarda da shi ba. Yanzu ita ce babban maganin ciwon a ko'ina cikin duniya.

Wa ya fi kamawa?

Wani bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa mutum 2 zuwa 3 cikin 100 suna gamuwa da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu. Ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki biyu. Ga yawancin mutane ba a gane wani dalili sai tsufa, domin abin da yake riƙe tsakuwar yana saki a hankali. Amma akwai abubuwan da aka san suna jawo shi:

1. Buguwa a kai, kamar faɗuwa daga babur, ko daga bishiya, ko karo a filin ƙwallo. Ta wannan hanya ce ya fi samun matasa irinku.
2. Doguwar jinya, inda mutum ya yi kwanaki a kwance ba ya tashi.
3. Wasu cututtuka na cikin kunne da suka riga suka taɓa mutum.
4. Raunin ƙashi da ƙarancin bitamin D, musamman ga mata masu shekaru.

Ina ruwan kwanciya da wannan ciwo?

Yanzu mun zo kan ainihin darasinmu. Idan mutum yana tsaye ko yana zaune, bakin bututun yana sama da jakar, tsakuwar da ta ɓalle ba ta da hanyar shiga. Idan ya kwanta ya shimfiɗe kansa, bakin bututun ya koma ƙasa, sai ta sami hanya. Awa 7 ko 8 da muke yi a kwance sun ishe ta ta gangara ta taru wuri ɗaya. Shi ya sa jirin farko ya fi zuwa da dare ko da asuba, kuma ya fi tsanani da safe.

Likitoci sun kuma lura cewa kunnen da yake ƙasa lokacin barci shi ya fi kamuwa. A 2002 wasu likitoci a Sifen suka tambayi marasa lafiyarsu gefen da suka saba kwanciya, suka tarar ga mafi yawansu gefen ya yi daidai da kunnen da yake da ciwon. A 2004 aka tattara rahotanni daga ƙasashe dabam-dabam, aka ga kunnen dama ya fi na hagu kamuwa, kuma ana danganta wannan da yadda mutane da yawa suka fi son kwanciya a gefen dama. A 2012 wani bincike a Japan ya nuna cewa bayan an yi magani, ciwon ya fi komowa ga waɗanda suka ci gaba da kwanciya a kan kunnen da ya yi ciwon.

A nan sai mu yi hattara kada mu wuce gona da iri. Kwanciya a gefen dama ba ta haifar da ciwo ga mai lafiya. A ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe mutane da yawa da hannun dama suke kwanciya, wasu don sabo, wasu don koyarwar addini, kuma mafi yawansu ba za su taɓa jin wannan jiri ba. Kwanciya ba ita ke ɓalle tsakuwar ba. Abin da take yi shi ne ta nuna wa tsakuwar da ta riga ta ɓalle hanyar da za ta bi. Saboda haka ba mu ce kowa ya sake kwanciyarsa ba. Shawarar da ke biye ta wanda ciwon ya kama ce.

Yadda mai jirin zai kwanta

1. Ya lura da gefen da yake tayar masa da jiri. Idan juyawa dama ce take kawo shi, akasari kunnen dama ne mai ciwon. Ya kwanta a ɗaya gefen, ko rigingine, har a yi masa magani.
2. Ya ɗaga kansa da kafaɗunsa da matashi biyu. Ba kai kaɗai za a tokare ba, don kada wuya ya sage. Da bazara, lokacin da muke fitowa tsakar gida mu kwana a kan tabarma ba matashi, a naɗe bargo ko zane a sa masa.
3. A jera matashi ko naɗaɗɗen bargo a bayansa don kada ya mirgina cikin barci.
4. Idan zai tashi, ya tashi a hankali, ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, sa'an nan ya miƙe.
5. A ajiye masa tocila kusa da kai. Cikin duhu ido ba ya iya taimakon kunne, kuma tsofaffi sukan faɗi a hanyar bayan gida da dare.
6. A ɗakin kwanan ɗalibai, wanda yake fama da jiri kada ya kwana a gadon sama. Shugaban ɗaki ya canja masa zuwa na ƙasa, a kuma sanar da malamin gida.

Wannan duk taka-tsantsan ne, ba shi ne maganin ba. Akwai masu wannan ciwo da tsoro yake sa su kwana a zaune wata da watanni, ko su riƙe wuya ƙiƙam kamar an sa masa tsinke. Wannan yana kawo ciwon wuya da rashin barci, tsakuwar kuwa tana nan inda take.

Yadda ake ganewa da yadda ake magani

Ba a bukatar hoto ko gwajin jini kafin a gane jirin juya kai. Likita yana zaunar da mara lafiya a kan gadon gwaji, ya juya kansa digiri 45, wato rabin hanya tsakanin gaba da kafaɗa, sa'an nan ya kwantar da shi da baya da ɗan hanzari, kai ya ɗan rataya a bakin gado. Idan tsakuwar tana wannan kunne, bayan daƙiƙa kaɗan jiri zai taso, kuma likita zai ga ƙwayar idon mara lafiya tana fizga da kanta. Wannan rawar ido ita ce shaida. Shi ne gwajin Dix da Hallpike.

Daga nan sai a wuce ga hanyar Epley. Ana barin kai a wannan wuri kamar daƙiƙa 30 ko fiye, har jirin ya lafa. Sai a juya kan zuwa ɗaya gefen, a jira. Sai mara lafiya ya mirgina a kan kafaɗarsa har fuskarsa ta kalli ƙasa, a jira. Sa'an nan a tashe shi zaune, haɓa ta ɗan sunkuya. Kowane juyi yana gangarar da tsakuwar gaba kaɗan a cikin zoben, har ta fita ta koma jakarta. Aikin duka bai fi minti 10 ba, kuma kimanin mutum 8 cikin 10 suna samun sauƙi bayan an yi musu sau ɗaya ko sau biyu.

A da, bayan an yi wannan, akan umarci mara lafiya ya kwana biyu yana barci a zaune. Bincike na baya ya nuna wannan wahala ba ta ƙara kome ga yawancin mutane, har a 2017 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce a daina ɗora wa mutane wannan doka. Wanda ciwon yake yawan komo masa ne likita zai iya ba shi shawara ya riƙa ɗaga kai, ya kuma rage kwanciya a kan kunnen.

Muna gargaɗin ɗalibai: kada wanda ya karanta wannan shafi ya je gida ya kama wuyan kakarsa yana juyawa. Mai ciwon wuya, ko ciwon baya, ko ciwon zuciya, ana iya yi masa lahani. Ban da haka, idan tsakuwar tana wani bututu dabam, juyin da ake yi ma dabam ne. Ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin shi zai fara yi, in ya ga dama ya koya wa mara lafiya yadda zai riƙa yi a gida.

Ƙwayoyin jiri da ake saya a kemis suna rage tashin zuciya, amma ba sa mayar da tsakuwar mazauninta. Suna sa barci da kasala, kuma ga tsoho suna ƙara haɗarin faɗuwa idan ya daɗe yana sha. Maganin ƙarin jini ba ya taɓa wannan ciwo ko kaɗan. Ciwon yakan tafi da kansa cikin makonni, amma ga wasu yana ɗaukar watanni, kuma kusan rabin waɗanda suka warke yakan komo musu cikin 'yan shekaru. Idan ya komo, a sake yin juyin. A 2020 wani bincike a Koriya ta Kudu ya nuna cewa ba da bitamin D da sinadarin ƙarfafa ƙashi ga waɗanda suke da ƙarancinsa yana rage komowar.

Haɗarinsa a wurinmu

Jirin juya kai ba ya kisa da kansa, amma faɗuwar da yake jawowa tana iya yi. Ku dubi ayyukan gidajenmu. Mace tana sunkuyawa a bakin rijiya tana jan guga. Tana sunkuyawa a kan murhu da tukunyar tuwo tana tafasa. Magidanci yana hawa rumbu ya ɗebo damin gero, yana hawa tsani ya yi yaɓe kafin damina, yana ɗaga kai ya saro wa dabbobi ganye. Wani yana kan babur a titin Sakkwato zuwa Jega, ya waiwaya ya duba mota. Har kwantar da kai a cinyar mai kitso, ko ɗaga haɓa a gaban wanzami, ko sunkuyar da kai wurin ibada, yana iya tayar da shi. Wanda jirin yake kansa ya bar hawa sama, da tuƙi, da jan ruwa, har ya warke. Wannan wuri ne da 'ya'ya da jikoki za su karɓi aikin.

Ba kowane jiri ba ne na kunne

Dole mu bambanta. Wanda ya miƙe tsaye farat ɗaya ya ga duhu-duhu, wannan ya fi kama da ƙishirwa, ko yunwa, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko maganin hawan jini da ya yi masa ƙarfi. Jirin juya kai kuwa juyawa ce sosai, tana zuwa ko mutum yana kwance, kuma tana wucewa cikin minti ɗaya idan ya tsayar da kansa.

Akwai alamun da in an gan su tare da jiri ba a jira gari ya waye:

1. Baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.
2. Hannu ko ƙafa ta mutu, ko gefen jiki ya yi sanyi.
3. Ganin abu ɗaya ya zama biyu.
4. Mutum ya kasa tsayuwa ko tafiya sam.
5. Ciwon kai mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba.
6. Kunne ya kurmance farat ɗaya, ko yana zubar da ruwa.
7. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya.
8. Jiri da ya yi awowi bai tsaya ba ko da ba a motsa kai ba.

Waɗannan suna iya zama shanyewar ɓarin jiki, ko sanƙarau, ko wani ciwo mai haɗari. A garzaya da mara lafiya babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe. Idan ana bukatar ƙwararren likitan kunne, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kusan kilomita 100 daga Tambuwal. A Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Kammalawa

Mu koma ga dattijuwar nan ta ƙasar Kebbe. Abin da ya fi mata amfani shi ne a sami wani a gidan da zai zauna kusa da ita ya tambaye ta cikin ladabi: "Inna, ɗakin ne yake juyawa, ko duhu kike gani? Yaushe yake zuwa? Wane gefe kika juya? Yana daɗewa?" Wanda ya kai waɗannan amsoshi gaban likita ya rage masa rabin aiki, kuma yana iya roƙonsa ya yi gwajin kwantar da kai. Ku ɗalibai kuna iya zama wannan mutum idan kun je hutu. Iyayenku sun biya kuɗin makaranta da gumin gona, wannan kuwa hanya ce da ilminku zai koma musu tun kafin ku gama.

Tambayoyi don nazari

1. Faɗi ayyuka biyu da kunne yake yi.
2. Me ya sa jirin juya kai ya fi zuwa da dare ko da asuba?
3. Me ya sa ba ya cika wuce minti ɗaya? Yi bayani da misalin tiyo da yashi.
4. Ko kwanciya a gefen dama tana haifar da ciwon ga mai lafiya? Ba da dalili.
5. Kawo alamu biyar da suke nuna a kai mai jiri asibiti nan take.
6. Aikin hutu: tambayi dattawa uku a unguwarku ko sun taɓa jin jiri a kan shimfiɗa, da abin da aka ce musu shi ne dalili. Rubuta amsoshin ba tare da sunayensu ba, ka kawo wa malamin kiwon lafiya a makon farko na zango mai zuwa.